Baffa da Haruffan Farkon Baiti

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar wata Talata bayan la'asar Baffa ya cika a ɗakinsa a Kazaure, ana yayyafi. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon malamin firamare da ya koyar a Babura da Gwiwa da Roni kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Ya bar mata ɗaya, wadda muke kira Inna, da 'ya'ya biyar, da jikoki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga zaman makoki iri-iri. Na Baffa ya ɗan bambanta. Mace za ta shigo da fuskar ta'aziyya, ta durƙusa, ta ce "Ya haƙuri?", a shafa fatiha, sai kuma ka ga tana danne murmushi. Maƙwabciyarsu ce ta fara fasa abin.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji ta. "Ko katin bikin 'yata bai ƙyale ba."

Inna tana jan carbi, ba ta ɗago ba ta ce, "Ai ba ke kaɗai ba. Takardar maganin asibiti ma sai ya bi ta daga sama zuwa ƙasa."

Aka yi 'yar dariya, sannan kowa ta tuna inda take.

A waje ma haka. Ƙannena maza sun ba ni labarin abin da aka riƙa faɗa a kan tabarmi. Wani direban adaidaita ya ce Baffa ya taɓa hana shi tashi sai da ya gama karanta rubutun da ke bayan kekensa. Wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Kano ya girgiza kai ya ce da a ce Baffa ya zuba ƙwaƙwalwar nan tasa a karatun fiƙihu, da yanzu ana zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga nesa, amma ya ƙarar da ita a wasan haruffa. Mahaifina, wanda shi ne babba a gidan, ya zauna a zaure kwana uku yana karɓar gaisuwa. In ban da "Mun gode" da "Amin", ba a ji komai daga bakinsa ba.

Baffa bai wallafa littafi ba. Abin da ya bari 'yan littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, cike da ƙananan rubutunsa. Na san shekara kaɗan za a yi a manta da dalilin dariyar nan ta ranar makoki. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Ga wanda bai san shi ba, ga yadda abin yake. Baffa yana da wani faffaɗan kwali da ya yanko daga bangon tsohuwar rajistar makaranta, yana kiransa marfi. In ya sami rubutu, waƙa ce ko labari, sai ya fara karanta shi yadda kowa ke karantawa. In ya gama sai ya ɗora marfin ya rufe shafin, ya bar harafin farko na kowane layi kaɗai a waje, ya bi su daga sama zuwa ƙasa ya ga ko sun haɗa kalma. A ganinsa mutanen da, masu waƙoƙin ajami da masu tsofaffin littattafan boko, sukan ajiye abu a nan: sunansu, ko sunan garinsu, ko wata addu'a, ko habaicin da ba su iya yi a fili. Yakan ce, "Wanda ya ɓuya a bakin layi, so yake a gan shi. Da ba ya so, da bai tsaya a bakin ƙofa ba."

Yawanci ba ya samun komai. Shekara takan wuce bai ga ko ɗaya ba, kuma hakan bai taɓa sa ya ajiye marfin ba.

Ba farkon layi kaɗai yake bi ba. Yana son kalma mai fuska biyu. Akwai wata jimla da ya ƙirƙira yake rubuta wa ɗalibansa a allo tun yana Babura: "Fari ya shiga gari, gari ya ƙare." Sai ya juyo ya tambayi aji, "Mene ne ya ƙare? Garin mutane ko garin tuwo?" In aji ya rabu biyu ana musu, sai ya sake rubuta jimlar da ajami, ya nuna musu alif ɗin da ke ja wa garin tuwo wasali, ya ce, "Kun gani? Boko ya bar ku kuna faɗa, ajami ya raba gardama." Wasu daga cikin ɗaliban nan sun zo makoki da furfura a gemunsu, kuma jimlar na nan a bakinsu.

A gida Inna ce ta fi shan wannan. In ta ce masa miyar kuka ce yau, sai ya ce to a kawo a taya ta. In ta ce wuya ke damun ta, sai ya tambaya, "Na jiki ko ta duniya?" Shekara hamsin da wani abu tana jin waɗannan, ba ta taɓa dariya a gabansa ba. Sai ya fita take maimaita mana.

Zancen katin bikin kuwa, laifinsa ne, kuma ya san laifinsa ne. A lokacin yana yawan yi wa maƙwabtan ƙorafi a kan ruwan kwatarsu da ke bin gindin katangarsa. Da aka kawo katin bikin 'yarsu, ya ɗora marfi a kan jerin sunayen ƙawayen amarya huɗu, sai haruffan farko suka ba shi "mita". Ya sa hula ya tafi ya sami maigidan, ya ce in habaici za a yi masa, a yi masa baki da baki. Mutumin nan bai ma fahimci zancen ba. Da aka bincika, amarya ce ta jero ƙawayenta yadda suka zo mata a baki. Washegari Baffa ya kama zakara ya kai gidan da kansa ya ba da haƙuri. Daga ranar ya kafa wa kansa doka, ya rubuta ta a bangon littafinsa: "Huɗu dace, biyar zato, shida niyya." Wato in haruffan ba su kai shida ba, ba ya ɗora wa kowa alhakinsu.

A rana ta biyu ta makoki wani dattijo ya zo daga Gwiwa a kan babur, ya nemi izinin gaida Inna. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar tsakar gida. Ya ce sun koyar tare da Baffa a wata makarantar ƙauye, shi dattijon yana sabon malami a lokacin. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, yau yake so ya sauke shi.

Labarin shi ne, an taɓa kawo kwanon rufin ajinsu, sai wani jami'in ilimi ya sa aka kwashe aka kai wani wuri, yara suka ci damina biyu a ƙarƙashin bishiya. Sai ga sanarwa cewa jami'in zai kawo ziyara. Hedimasta ya sa sabon malamin ya tsara waƙar maraba da yara za su rera, za a kuma miƙa wa baƙon kwafi a rubuce. Ya tsara layi shida na yabo, amma ya jera su yadda haruffan farko za su ba da "macuci". Hedimasta bai lura ba, sai ya miƙa wa Baffa ya duba ƙa'idar rubutu.

"Ina kallon sa ta taga ya ciro kwalin nan," in ji dattijon. "Na ce shi ke nan, aikina ya tafi. Ga mata, ga jariri."

Baffa ya kira shi bayan aji, ya nuna masa layi na huɗu, wanda ya fara da "Uban marayu". Ya ɗauki biro ya ƙara harafi ɗaya a gaba, layin ya koma "E, uban marayu". Ya ce masa, "Yanzu karanta." Ya karanta daga sama zuwa ƙasa: "maceci".

"Na ce, Malam, ai wannan ƙarya ce. Ya ce, 'Ƙarya ce. Amma duk layukan shida ma ƙarya ce, kai ka rubuta su. In gaskiya kake so ka faɗa, ba a nan ake faɗin ta ba.' Bayan ziyarar da sati ɗaya ya zauna ya rubuta takardar ƙorafi a kan kwanon, a fili, ya sa sunansa shi kaɗai a ƙasa. Ba a jima ba aka ɗauke shi aka kai shi Roni."

Inna ta daina jan carbin. "Ashe dalilin ke nan," in ji ta. "Ni ce mini ya yi ruwan Roni ya fi daɗi."

Babban abin da ya faru a rayuwar Baffa da haruffa, a cikin gidanmu ya faru, kuma shi ne ya raba shi da mahaifina kusan shekara uku.

Gidanmu na da wata waƙa. Ta wa'azi ce a kan mutuwa, baiti arba'in da wani abu, a rubuce da ajami, tana cikin gafakar fata a hannun mahaifina. Tun tasowarmu an gaya mana kakansu ne ya yi ta, wanda ake kira Malam Babba, lokacin da malaminsa ya rasu. Kowace shekara a watan Mauludi ake taruwa a zauren gidan, a gayyato mutanen unguwa, a rera ta. Mahaifina ne ke buɗe taron, kullum da kalma ɗaya: "Ga waƙar kakanmu." Shi ya yi aiki a ofishin masarauta har ya yi ritaya, kuma bai tara dukiya ba. In aka tambaye shi abin da gidanmu ya gada, waƙar nan yake nunawa.

Baffa ya haddace ta tun yana ƙarami, don haka bai taɓa jin buƙatar ya duba takardar ba. Sai wata shekara da gefen takardun ya fara cinyewa, mahaifina ya ba shi ya kwafe. A nan ya ɗora marfinsa. Bayan baitocin buɗewa na yabon Allah da salati, baiti shida da suka biyo sun fara kamar haka: "Ya mai wucewa", "Rana ta karkata", "Mai allo ya tafi", "Allah ya san", "Lahira gida ce", "Mu masu saura". Haruffan farkonsu su ne ya, ra, mim, alif, lam, mim. In aka haɗa su a ajami, abin da suke bayarwa shi ne "'yar Malam".

Malam Babba yana da 'ya mace guda da ta yi karatu a gabansa. Ana kiran ta Dada. An aurar da ita Roni, ba ta haihu ba, a can ta rasu.

Baffa bai tsaya nan ba. A ƙarshen irin waɗannan waƙoƙi akan sa ramzi, wato wata kalma da in aka haɗa lissafin haruffanta take ba da shekarar da aka yi waƙar. Ya lissafa ramzin, ya je ya duba bangon Alƙur'anin gidan inda ake rubuta haihuwa da rasuwa. Shekarar waƙar ta faɗo bayan rasuwar Malam Babba. A wurinsa magana ta fito: mai allon da ya tafi shi ne Malam Babba da kansa, kuma 'yarsa ce ke kukan mahaifinta.

Inda Baffa ya yi kuskure shi ne wurin da ya zaɓa ya faɗa. Bai sami yayansa a ɗaki ba. Sai da aka taru ranar Mauludi, zaure ya cika da baƙi, mahaifina ya ce "Ga waƙar kakanmu", sannan Baffa ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Yaya, a yi mini afuwa. Ta gwaggonmu ce."

Ina cikin gida tare da mata, ta bayan labule muke sauraro. Baffa ya yi bayani tiryan-tiryan, murna a muryarsa, kamar wanda ya tsinto wa gidan abin da ya ɓata. Mahaifina ya bar shi ya gama, sannan ya ce wa mai rerawa, "Bismillah." Aka rera, aka ci abinci, aka watse.

Bayan baƙi sun tafi ne suka yi ta.

"A gaban mutane?" in ji mahaifina. "Ba ka san hanyar ɗakina ba?"

"Yaya, ai ba abin kunya ba ne. 'Yarsa ce. Jininmu ce."

"Shekara nawa ina tsayawa ina cewa waƙar kakanmu? Ubanmu ma haka ya faɗa. Yau ka mai da ni maƙaryaci, ka mai da shi maƙaryaci, saboda harafi shida?"

"Ga ramzin kuma."

"Ramzin mai kwafa ne. Wanda ya kwafe ta ya sa shekarar da ya kwafe. Kai da kake malami ba ka san ana yin haka ba?"

Baffa ya ce, "Ana yi." Ba ya iya musun abin da ya san gaskiya ne, ko da a tsakiyar faɗa. Amma ya ƙara da cewa, "Sai dai haruffan ba mai kwafa ne ya jera su ba."

Mahaifina ya karɓe gafakar a daren, kuma daga nan gaisuwa ta tsaya a "ina kwana" in an haɗu a masallaci. Mauludin da ya biyo ba a aika wa Baffa ba, shi ma bai zo ba. 'Ya'yansu suka fara jin nauyin shiga gidajen juna. Ni na ci gaba da zuwa duka biyun, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, su biyun Uwata suke kira na, kuma ba wanda zai iya hana uwarsa shiga gidan ɗanta.

A shekara ta biyu Baffa ya ce in raka shi Roni. Babbar yayarsu, wadda muke kira Gwaggo, tana can, kuma a hannun Dada ta tashi. Muka hau motar haya ranar wata kasuwa. Muka same ta a gindin bishiyar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Bayan an gaisa an sha fura, Baffa ya kawo zancen.

"Yaya, kin taɓa ganin Dada tana rubutu?"

"Kullum. Yatsunta ba sa rabuwa da tawada. Matan unguwar nan duk ita ta koya musu."

"Waƙar gidanmu fa? Ta taɓa cewa ita ta yi?"

"Ba ta taɓa cewa ba." Gwaggo ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta. "Amma in ta je Kazaure aka fara rera ta, tashi take ta shige ɗaki. In kuma ita kaɗai ce tana kaɗi, takan yi ta a hankali. Akwai ma wasu baitoci da take yi da ban taɓa jin ku kuna yi ba."

Baffa ya gyara zama. Gwaggo ta rufe ido ta jawo su da muryar tsufa. Biyu ne. Na farkon ne ya zauna mini:

Na wanke allonka, na rasa inda zan jingine,
Tawadarka ta bushe, ni ce na ƙi zubarwa.

Baffa ya rubuta su. Da ya gama ya ce, "Yaya, shekara da shekaru kina da wannan ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni, Auta?"

Ya roƙe ta ta biyo mu Kazaure ta maimaita a gaban mahaifina. Ta ƙi.

"Ba zan je in tsaya tsakanin ƙannena a kan mutanen da suka riga suka haɗu a inda suke ba. In tata ce, ubanta ya sani. In tasa ce, ita ta sani. Kai da yayanka kuma, wanda ya fi hankali ya fara zuwa."

Muna cikin mota muna dawowa har duwatsun Kazaure suka bayyana. Sannan ya ce, "Uwata, na ci gardama, amma ban san wa zan kai wa ba." Ni na kai wa mahaifina baitocin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Dada ta ƙara nata a kan na ubanta. Kowa na iya ƙari."

Ba wanda ya fi hankalin da ya fara zuwa. Ciwo ne ya sasanta su. Na lura Baffa ya fara kai takarda dab da hancinsa, yana kuma tuntuɓe da bakin ƙofa. Na kai shi aka duba, aka ce jijiyar idon ce ta lalace, magani zai rage gudun abin amma ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Cikin shekara guda ya daina ganin rubutu. Bai yi ƙorafi ba. In na je sai ya ce in ɗauko wani tsohon littafi in karanta masa harafin farko na kowane layi, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana haɗawa a ka. Karatu ne mai gundura, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa nakan ce ina da aikin yamma alhali ba ni da shi.

Na gaya wa mahaifina halin da ake ciki. Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar gidan Baffa. Mahaifina ya fito da gafakar a hammata. Ya yi sallama ya shiga, ya ajiye ta a kan cinyar ƙanensa.

"Ajiya ce," in ji shi. "Ba kyauta ba."

Baffa ya shafa fatar da hannu biyu, ya gane ta. "Yaya, ai ba na gani."

"Na sani. Shi ya sa na kawo. Da kana gani da ka sake tono wani abin."

Inna da ke bakin murhu ta juya baya, kafaɗunta na motsi. Ban san ko dariya take ko kuka ba.

Daga ranar, kowace Juma'a bayan masallaci mahaifina yana gidan Baffa. Inna ta kawo musu fura, su sha, su ɗauko zancen daga inda suka ajiye shi. Mahaifina ya ce mai kwafa, Baffa ya ce harafi shida. Mahaifina ya ce a cikin baiti arba'in dole wasu su haɗa wani abu, Baffa ya ce to me ya sa suka haɗa a daidai inda aka fara zancen mai allo. Wani lokaci murya ta tashi har maƙwabta su ji. La'asar na yi su yi alwala, mahaifina ya riƙe hannunsa su tafi masallacin unguwa. Shekara shida suna haka. A taron Mauludi kuwa mahaifina ya sauya kalmar buɗewa, ya koma cewa "Ga waƙar gidanmu." Bai taɓa bayyana dalili ba, Baffa kuma, wanda ke zaune a gefensa, bai taɓa nuna ya lura ba.

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba, kwana tara ce. Zazzaɓi ne ya sauka a ƙirji. Ya ƙi kwanciya a asibiti, don haka nake zuwa safe da yamma ina yi masa allura. Ranar Litinin na tambaye shi yaya jiki, ya ce, "Da sauƙi, Uwata. Sauran kuma da sauka." Shi ne wasan kalma na ƙarshe da na ji daga bakinsa. Washegari ya yi ta salati har muryar ta ɗauke.

Bayan an share makoki Inna ta kira ni ta miƙo mini gafakar, ta ce ajiya ce, a mayar wa mai ita. Na kai wa mahaifina da hantsi. Yana zaune a zaure shi kaɗai. Ya kwance igiyar, ya fito da takardun yana duba su ɗaya bayan ɗaya. A bayan ta ƙarshe akwai wata farar takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, da rubutun Baffa, baitocin nan biyu na Roni. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya mayar da ita inda ya same ta, ya haɗa da sauran, ya ɗaure.

"Har gobe ban yarda ba, Uwata," in ji shi. "Mai kwafa ne."

"To, Baba."

Ya dube ni kamar yana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba, don ban san lissafin ramzi ba, kuma ban iya musu da shi ba.

"Yau wace rana ce?"

"Juma'a ce, Baba."

Ya miƙa hannu ya ɗauko hularsa, ya kai ta har ka, sannan ya sauke ta ya riƙe a gwiwa.

"In an sauko," in ji shi, "ina zan je?"

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa abin da ya yi a fili da wanda ya yi a ɓoye, ya haskaka kabarinsa. Ya jiƙan Dada da Malam Babba. Ya ba Inna da mahaifina haƙurin zama bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da kalmar shahada.